Littafi na Biyar na Don Aurelio

Tun tana ɗaliba Herminia Salcido ta ɗauki littattafan Aurelio Bracamontes ta mai da su aikin rayuwarta. Littattafai huɗu ne, duka labarin wani ƙauye na masu noman kofi a duwatsun da ke bayan birnin Xalapa. Ya rubuta su tsakanin samartaka da magidantaka, sannan ya ajiye alƙalami fiye da shekara ashirin. Ita kuwa a kansu ta yi digirinta na uku, a kansu ta wallafa littattafan nazari, a kansu ta zama farfesa. Aurenta ya zo ya wuce, 'yarta ta girma ta koma Monterrey da aiki, amma Don Aurelio yana nan a kan teburinta. A sashen adabi idan sabon ɗalibi ya tambayi ofishinta, sai a nuna masa ƙofar ƙarshe a ce, "Can ne ofishin jakadancin Bracamontes."

Abin da ya fito da sunanta abu ne da ta lura da shi kafin kowa. A duk littattafan nan huɗu babu uban da ya taɓa yin magana. Iyaye maza suna ciki, suna cin abinci, suna dukan 'ya'yansu, suna mutuwa, amma mai karatu ba ya jin muryar ko ɗaya. Sai ta ce shirun uba shi ne shirun da ƙasa ta yi a kan abin da aka yi wa ƙananan manoma. Ta kuma nuna cewa ba a taɓa rufe ƙofa a cikin labaran ba, ta yi babi guda a kan wannan. Masu nazari a Madrid da Buenos Aires suka ɗauka, har ya zamana ba a rubutu a kan Bracamontes ba tare da an ambace ta ba.

Ranar da ta fara gaya masa wannan, tana yarinya, dariya ya yi har da tari.

"Ashe haka na yi?" in ji shi. "Ni dai babana ba ya magana, shi ke nan. Amma naki bayanin ya fi daɗi, 'yar nan. Riƙe shi."

Daga nan suka saba. Duk wata takan hau mota zuwa garin Coatepec ta ci abincin rana a gidansa, matarsa Doña Chelo ta cika mata faranti da baƙin wake da soyayyar ayaba tana mata faɗan rama. Ba a maganar sabon littafi a gidan. Kowa ya san ba a yi.

Shi ya sa da ya kira ta wata safiya, yana dab da shekara tamanin, ta ɗauka rashin lafiya ce.

"Herminia," in ji shi, "na haihu."

"Ban gane ba, Don Aurelio."

"Na biyar. Yana wajen masu ɗab'i, ya ma fito. Ke za ki gabatar da shi a bikin littattafai na wata mai zuwa. Na riga na ba su sunanki, kada ki ce mini komai."

Ta ajiye wayar, sai ta ga hawaye na zubo mata. Ta daɗe da cire rai.

Da kwafin littafin ya iso, ranar Lahadi ta keɓe masa. Ana yayyafin nan na Xalapa da ba ya jiƙa mutum sai ya daɗe a ciki. Ta dafa kofi, ta kashe waya, ta zauna kusa da taga. Shafin farko ya buɗe da wani uba a bakin ƙofa a buɗe, bai ce komai ba. Ta yi murmushi, kamar wadda ta ga tsohon maƙwabci. A shafi na gaba ma uban ya yi shiru, marubucin kuma ya tsaya ya faɗa wa mai karatu cewa ya yi shiru. Can gaba wata mata ta miƙa hannu za ta rufe ƙofa sai ta fasa, ta juyo ta bayyana wa ƙanwarta dalilin da ya sa ba a rufe ƙofa a garinsu. Herminia ta gyara zama. Kafin ta kai tsakiya kofin ya huce ba ta taɓa shi ba.

A tsofaffin littattafan mutane na wari, suna ƙarya, suna yin abin da ba ka zata ba. Akwai wata tsohuwa a na biyu da ta sace akuyar da za a yanka a bikin 'yarta ba tare da wani dalili ba, kuma Herminia ta shekara talatin ba ta iya bayyana ta ba. A wannan sabon babu mai sace akuya. Kowa ya san ma'anarsa, yana ɗauke da ita a ka kamar tulu. Da ta zo wurin da limamin cocin ƙauyen yake wa'azi, sai ta ji kalmomin sun yi mata kama da wani abu. Ta tashi ta ɗauko littafinta na biyu daga kanta, ta buɗe gabatarwa. Jimlarta ce, ya ɗan sauya kalma biyu ya sa a bakin limamin. Ta ci gaba da karatu ta sami wata a bakin likita, wata a bakin mai aski.

Ta gama da yamma. Ta rufe littafin ta ɗora hannu a kai, ta daɗe a haka.

Washegari a ɗakin malamai ta tarar da Fausto Lizárraga, abokin aikinta mai koyar da waƙa, wanda tare suka fara aiki kuma bai taɓa barin ta ta huta da tsokana ba. Shi ma an aiko masa da kwafi.

"Barka da arziki, Malama," in ji shi. "An ce kin haihu da tsufa. Yaron kamarki sak, har hancin."

"Fausto, yau ba na so."

Ya dube ta ya daina dariya. Ya tura mata farantin burodi mai zaƙi.

"To me za ki ce ranar taron?"

"Ban sani ba."

"Ki ce gagarumin aiki ne, ki ce ya dawo da ƙarfinsa. Abin da kowa ke faɗa ke nan a irin wannan taro. An tafa, an sha giya, an watse. Wa ya taɓa mutuwa da wannan?"

"Ni ban taɓa faɗar abin da ban yarda da shi ba a kan littattafansa."

"To ai ga dama ta samu," in ji Fausto.

Ta tafi Coatepec a tsakiyar mako. Doña Chelo ce ta buɗe mata, ta ja ta kicin kafin mai gidan ya ji shigowarta.

"Kin ga yadda ya koma?" in ji ta da murya ƙasa-ƙasa. "Yana aski kullum. Jiya har sabuwar riga ya sa na saya masa. Shekara shida yana wannan aikin, Herminia, ya hana ni gaya miki. Littattafanki na gefensa, duk ya ja musu layi da jan biro. In ya maƙale sai ya buɗe ya duba."

Herminia ta ce, "Haka ne?"

Ta same shi a baranda cikin tukwanen furanni, ya rame amma idonsa na haske. Bai bari ta zauna sosai ba ya fara.

"Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Waɗancan huɗun, ban san me nake yi ba lokacin da nake rubuta su. Kamar mai tafiya a duhu nake, ina lalube. Da littafinki na farko ya fito na karanta, sai na ga ashe ga abin da nake yi. Na ji daɗi ƙwarai. Amma da na zauna zan fara na biyar, duk uban da na kawo sai in tsaya ina tambayar kaina, wannan zai yi magana ko ba zai yi ba? In ya yi, na ƙaryata Herminia. In bai yi ba, da gangan na hana shi. Haka na zauna shekara da shekaru." Ya yi dariya. "Sai wata rana na ce, kai wawa, an ba ka fitila kana kukan duhu. Tunda yanzu ka san hanya, bi ta mana. Shi ne na bi."

Ya jingina ya dube ta.

"To, Malama. Yaya kika gan shi?"

Daga kicin ana jin Doña Chelo ta daina motsa tukunya.

"Ban gama ba tukuna," in ji Herminia. "Ina bin sa a hankali."

"Haka ya kamata," in ji shi. "Kada ki yi sauri."

Ta ci abincin da ƙyar. A motar komawa ta jingina kai da gilashi tana kallon gonakin kofi na wucewa, tana jin kamar ta ci bashin wani abu da ba ta san ranar da ta karɓa ba.

Kwanakin da suka rage ta yi ta rubuta jawabi tana yagewa. Ta gwada hanyar Fausto, ta rubuta cewa gagarumin aiki ne, ta karanta a fili a ɗakinta sai muryarta ta ƙi. Ta gwada faɗin gaskiya cikin ladabi, sai ta tuna sabuwar rigar. A ƙarshe ta samo wata hanya ta uku, ta kuma yarda da kanta cewa dabara ce mai kyau.

Zauren ya cika ranar taron, tsofaffin ɗalibanta da 'yan jarida da mutanen Coatepec da suka zo a mota guda. Don Aurelio na zaune a gefenta a kan dandamali, rigar ta yi masa yawa a wuya. Herminia ta yi magana a kan littafi na farko, da yadda ta same shi a shagon tsofaffin littattafai tana ɗaliba. Ta yi magana a kan na biyu da tsohuwar da ta sace akuya, zauren ya yi dariya. Ta bi na uku da na huɗu, kuma ba ta taɓa yin magana mai kyau irin ta ranar ba, har wasu na share ido. Da ta zo na biyar sai ta ɗaga shi sama ta ce ga shi nan a bakin ƙofa ana sayarwa, kowa ya saya ya karanta da kansa. Ta zauna aka yi ta tafi.

Da aka miƙa wa Don Aurelio abin magana ya ɗan jima yana juya shi a hannu.

"Na gode wa Malama," in ji shi. "Ta yi wa mamacin addu'a mai kyau. Mai ran ne dai ba ta gani ba, ga shi kuwa a gefenta."

Mutane suka fashe da dariya, sun ɗauka irin barkwancinsa ne. Herminia ba ta yi ba. Bai ƙara kallon inda take ba. Da aka tashi ya zauna yana sa hannu a littattafai, ita kuma ta tsaya a bayan layi har layin ya ƙare, sai ya ce wa matarsa ya gaji, a kai shi gida.

Ta kira sau da yawa bayan haka. Kullum Doña Chelo ke ɗauka ta ce yana barci. Jaridu biyu suka yi ɗan sharhi na ladabi, ɗaya ta ce littafin na masu son Bracamontes ne kawai, daga nan ba a sake maganarsa ba. Da watan ya zagayo Herminia ta shirya ta tafi Coatepec kamar yadda ta saba. Doña Chelo ta fito ta ja ƙofar a bayanta, suka tsaya a titi.

"Ba zai gan ki ba."

"Doña Chelo, ban faɗi wani mugun abu ba."

"Ba ki faɗi komai ba. Shi ba yaro ba ne." Ta goge hannu a jikin rigar girkinta. "Kalma ɗaya fa, Herminia. Ki ce ya yi kyau. Me zai ragu a jikinki? Ni na karanta shi, ni ma na san bai kai sauran ba, ba sai na je jami'a ba. Na ce masa ya fi su duka. Ga ni nan, ban mutu ba."

"Da na faɗa zai gane ƙarya nake."

"Zai gane, ya kuma karɓa. Kin shekara talatin kina cin abinci a teburin nan, har yau ba ki san mutumin ba. Littattafansa kika sani."

Ta koma ciki. Herminia ta tsaya a bakin titi har wani mai sayar da lemo ya tambaye ta ko ta ɓata hanya ne.

Abin da ba ta zata ba shi ne abin da ya same ta a aji. Da zangon karatu ya dawo ta buɗe littafi na biyu za ta karanta wa ɗalibai, kamar yadda ta yi shekara da shekaru, sai ta ga uban ya shigo ya yi shiru, ta ji a ranta, ga shi nan kuma. Ƙofa a buɗe, ga ta nan kuma. Na biyar ya shiga tsakaninta da sauran, duk inda ta duba ƙasusuwan labarin kawai take gani. Ta ci gaba da koyarwa daga tsofaffin takardunta, ɗalibai na rubutawa, ba wanda ya lura.

Don Aurelio ya rasu a farkon sanyi, ciwon huhu. A coci Doña Chelo ta hango ta a baya, ta aiko a kira ta ta zauna cikin dangi, amma ba su yi magana ba.

Bayan kamar shekara biyu wata matashiyar malama daga babban birni, Yunuén Arriaga, ta fitar da wata doguwar maƙala. Ta ce duk an yi wa littafi na biyar gurguwar fahimta. A cewarta tsohon da gangan ya yi. Ya gaji da masu nazarin da suka ɗaure littattafansa, shi ne ya rubuta labarin da ke bin ƙa'idojinsu sawu da ƙafa don ya nuna yadda suke kashe labari. Ta jera jimlolin Herminia a gefe ɗaya, maganganun limami da likita da mai aski a ɗaya gefen. Ta kawo maganar mamaci da mai rai da ya yi a taron, ta ce ga shaida daga bakinsa. Maƙalar ta yi kyau, Herminia da kanta ta ga haka. Yarinyar ta iya karatu.

Kafin shekara ta zagayo an sake buga littafin, an fara fassara shi. Ɗalibai da ba su taɓa buɗe huɗun farko ba suna yawo da na biyar a jaka suna karanta wa juna wa'azin limamin suna dariya. A farfajiyar sashe ta ji wani ya kira ta mai aski, bai san tana bayansa ba.

"Ki ba ta amsa mana," in ji Fausto. "Ke kika zauna da shi a baranda. Ya gaya miki da bakinsa yadda aka yi. Ki rubuta, ki wanke kanki."

"In rubuta me? Cewa ba wasa yake ba, da gaske yake, littafin ne kawai bai yi kyau ba?"

"Ai ita ce gaskiya. Ba ke ce ba kya faɗin abin da ba ki yarda da shi ba?"



Da aka shirya babban taro don tunawa da shi, Yunuén Arriaga ce babbar mai jawabi, Herminia kuma aka ba ta kujera a layin gaba. Doña Chelo na kusa da ita, ta tsufa sosai, da sanda a hannu. Matashiyar ta yi magana cikin natsuwa, ba ta yi rashin kunya ba, har ta ce ba don aikin Farfesa Salcido ba da tsohon bai sami abin da zai yi wa dariya ba. Zauren ya yi dariya. Da ta gama mai gabatarwa ya juyo.

"Ko Farfesa na da abin cewa? Ita ta fi kowa saninsa."

Herminia ta ji an kama mata hannu. Doña Chelo ce, ba ta dube ta ba, idonta na kan dandamali.

"Ana karanta shi," in ji tsohuwar a hankali. "Ki bar su."

An kawo mata abin magana. Ta miƙe, ta dubi zauren, yawancinsu ba a haife su ba lokacin da ta fara wannan aiki. Ta ce ta gode wa Malama Arriaga, ta ce karatu ne mai ƙarfi, kuma ba ta da abin da za ta ƙara a kai. Ta zauna.

A ƙarshen wannan zangon ta nemi a ba wani malami darasin Bracamontes, ita kuma a mai da ita ajin 'yan shekarar farko, inda ake koyar da yadda ake tsara jimla da sakin layi. Shugaban sashe ya yi mamaki, ya tambaye ta ko don maganganun da ake yi ne, ta ce a'a, gajiya ce. Fausto ya taya ta kwashe littattafai daga ofis zuwa mota, yana ta mitar bayansa. Da suka gama ya tsaya yana haki, ya tambaye ta wa za ta koma nazari yanzu, tunda marubuta ba su ƙare ba.

"Ba kowa," in ji ta. "Ka bar su su yi rubutunsu."

Ya buɗe baki zai yi tsokana, ya fasa. Ya rufe mata bayan motar, ta ja ta tafi gida.